Zaman kaso kafin hukunci: tambayoyin Damagaram da amsoshin masu bincike

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan kaso da hantsi ya ga mata zaune a gindin bango, kowace da kwanon abinci ɗaure a ƙyalle, suna jiran a karɓa. Ka tambayi ɗaya shekara nawa aka yanke wa ɗanta, sau da yawa amsar ita ce: "Ai ba a yi shari'ar ba tukuna." Waɗannan tambayoyi a kan irin waɗannan masu jiran shari'a suke.

Wanda ba a yanke wa hukunci ba, me ya kai shi kaso?

A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, ƴan sanda ko jandarmomi na iya riƙe mutum awa 48, kuma mai gabatar da ƙara na iya ƙara wasu 48. Daga nan sai gaban alƙali. Idan ana tsoron mutum zai gudu, ko ya razana shaidu, ko ya ɓatar da hujja, sai a sa hannu a takardar tsarewa. Doka ta sa iyaka: wata 12 a ƙananan laifuka, wata 30 a manya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan ƴancin ɗan ƙasa, a sashe na 9, ta ce bai kamata tsare mai jiran shari'a ya zama al'ada ba, ƙa'idojin Luwanda na 2014, na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, kuma suka maimaita haka ga Afirka. A aikace kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin duniya masu jiran shari'a ne. A Nijar sun haura rabi.

Beli da sakin talala abu ɗaya ne?

Ƴan uwan juna ne, amma ba uwa ɗaya ba. A nan wanda ake tuhuma ko lauyansa ne ke rubuta buƙatar sakin talala, alƙali ya duba, ya yarda ko ya ƙi, wani lokaci ya sa a ajiye kuɗi. A Amurka kuɗin ne kan gaba. Alƙali ya faɗi adadi, mai shi ya biya ya tafi gida, marar shi ya kwana ciki. Har kamfanoni ake da su masu tsaya wa mutum, su karɓi kamar kashi 10 cikin ɗari wanda ba ya dawowa ko an wanke ka. Amurka da Filifin ne kaɗai aka sani da wannan sana'a.

To me masana suka gano? Ba dai jira ne kawai ba?

Nan ne maganar take. Da daɗewa an lura cewa waɗanda aka tsare sun fi shan hukunci, amma ana iya cewa dama masu laifin ne aka fi tsarewa. Will Dobbie da Jacob Goldin da Crystal Yang suka sami dabarar raba gardama. A biranen Filadelfiya da Mayami, sa'a ce ke haɗa mutum da alƙalin beli: wani mai sassauci ne, wani mai tsanani. Sai suka kwatanta mutane masu kusan tuhuma ɗaya waɗanda bambancin alƙali kawai ya raba. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna wanda aka tsare ya fi amsa laifi, kuma bayan shekaru ya fi rasa aikin albashi.

Wani binciken na 2017 a gundumar Haris ta jihar Tekzas, kan ƙananan laifuka, ya sami cewa yiwuwar amsa laifi ta ƙaru da kashi 25 cikin ɗari ga wanda aka tsare, ta ɗauri kuma da kashi 43. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An ce maka ka amsa a lissafa kwanakin da ka yi ka fita yau, ko ka musanta ka ƙara wata uku. Ko kai ne, me za ka zaɓa?

Mu kawo shi gida. Ɗan kabu-kabu ne, babur ɗin na wani Alhaji, kullum da yamma yana kai balas. An kama shi kan rigimar waya a bakin kasuwar Dole. Mako biyu ba a yi ba maigidan ya miƙa makulli ga wani yaro, domin babur ba ya zama. Matarsa ta koma gidan iyayenta a Mirriya. Ranar da alƙali zai ce ba shi da laifi, babu babur, babu ɗaki. A ganina wannan hukunci ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Idan aka sake su, ba za su gudu ko su sake ɓarna ba?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma binciken Dobbie bai ɓoye ba: waɗanda aka saki sun fi ƙin bayyana ranar shari'a. Sai dai mafi yawa ba gudu suka yi ba. A Niyok an gwada sake fasalin takardar sammaci da tura saƙon waya na tunatarwa, rashin zuwa kotu ya ragu sosai, kamar yadda aka wallafa a 2020. Tun 1961 ma wani gwaji a Manhatan, cikin birnin Niyok, ya nuna mutum mai gida da aiki da dangi yakan dawo da ƙafarsa ba tare da ajiye ko sisi ba. Jihar Niyu Jazi ta kusan kawar da belin kuɗi a 2017, Ilinoi ta soke shi gaba ɗaya a Satumban 2023. Gardama ba ta ƙare ba, musamman kan manhajar kwamfuta da ke auna haɗarin mutum, wadda wasu ke zargi da nuna wa baƙar fata bambanci.

Wannan duk labarin Amurka ne. Mu fa?

Ciwonmu daban ne. Su kuɗi ke riƙe mutum, mu galibi jiran takarda ne: fayil ya kwanta, alƙalai kaɗan, lauyoyi kuma yawancinsu suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Shi ya sa misalin Malawi ya fi kama da mu. Tun shekarar 2000 aka horar da mataimakan shari'a waɗanda ba lauyoyi ba ne, suna shiga gidajen kaso suna lissafa wa ya wuce wa'adi, wa bai san yana da damar neman beli ba, su kai sunaye gaban alƙali.

Ɗan uwana yana ciki. Me zan yi?

Rubuta ranar da aka kama shi da ranar da aka kai shi kaso, ka adana, domin daga nan ake ƙirga wa'adi. Nemi lambar fayil a ofishin magatakardan kotu, ka san wane alƙali ke riƙe da shi. Buƙatar sakin talala ana iya sake shigar da ita ko an ƙi ta farko, kuma tana ƙarfi idan an nuna tabbataccen mazauni da sana'a da wanda zai tsaya masa. Marar halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar 2011. Wanda kuma ya tare ka a bakin kotu ya ce kawo jika kaza ya san alƙali, ka ce ya ba ka rasit.