Mene ne enzayim, kuma me ya haɗa shi da ganyen lemo mai rawaya?

Enzayim wani nau'in furotin ne da ke cikin ƙwayoyin halittar kowane abu mai rai. Aikinsa shi ne gaggauta haɗuwa da rabuwar sinadarai, ta yadda abin da zai daɗe bai faru ba sai ya faru nan take. Kowanne da aikin da ya iya. Da yawansu kuma ba sa motsi sai an haɗa su da ɗan ƙanƙanin ma'adini, kamar dai ƙotar fartanya da ba ta noma sai an sa mata ruwanta.

A ganyen lemo abin ya fi fitowa fili. Wasu enzayim biyu, peroksides da katales, masu kawar da gubar da ganye ke tarawa yayin aikinsa, duka biyun da sinadarin ƙarfe a tsakiyarsu. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci sai aikinsu ya ja baya, sabon toho ya fito fari-fari, siraran jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Wani enzayim mai suna kabonik anhaidires kuwa ma'adinin zink yake buƙata, kuma bishiyar da ta rasa zink ganyenta kan tsuke, ya yi ƙanana, ya yi dabbare-dabbare. Ma'adinin molibdinam ɗan mitsitsi ake nema, amma in babu shi enzayim ɗin da ke sarrafa naitiret, wato abincin shuka da ake samu a taki, zai tsaya cak. Ka ga manomi ya zuba taki, takin ya hau har ganye ya taru, bishiya kuwa na fama da yunwa.

Ba kullum aikin ke raguwa ba. Ƙarancin fosfaras yana sa bishiya ta ƙara yawan wani enzayim mai suna asid fosfates, don ta tatso abin da ya maƙale a jikinta.

Amfanin sanin wannan yana wajen gane cuta. Ido yana ruɗuwa, domin ƙarancin ƙarfe da na manganis da na zink duk rawaya ce tsakanin jijiyoyi. Awon yawan ma'adini a ɗakin gwaji shi ma yakan yi yaudara. A ƙasa mai yawan farar ƙasa, sau da yawa za a auna ganyen da ya ɗashe a tarar ƙarfen da ke cikinsa bai gaza na lafiyayyen ganye ba, alhali a daskare yake, ba ya tsinana komai. Enzayim kuwa da ƙarfen da ke aiki kawai yake tafiya.

A kan haka ne wani masani a Isra'ila, Bar-Akiva, ya nuna tun shekarun 1960 cewa aikin peroksides na faɗuwa idan ƙarfe ne babu, amma yana hawa idan manganis ne. Akwai kuma dabarar da ta fi burge ni: a yanki ganye, a jiƙa shi da ruwan ma'adinin da ake zargi, a sake aunawa. Idan enzayim ya farfaɗo, an kama ɓarawo.

Sai dai gwajin na da nasa sharuɗɗa. Shekarun ganye, ƙarancin ruwa, zafi da cuta duk suna taɓa aikin enzayim, shi ya sa dole a kwatanta da ganye tsaransa daga bishiya mai lafiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau masu gonakin lemo suka fi dogara da awon ma'adini a ganye.