Naitingel

Naitingel ƙaramin tsuntsu ne mai ruwan ƙasa da jar wutsiya, tsawonsa kimanin santimita 16. Sunansa na kimiyya Luscinia megarhynchos, Larabawa na ce masa andalib. A ido ba wani abin kallo ba ne, kuma da wuya ma a gan shi don yakan laɓe cikin sarƙaƙiya. Kukansa ne ya ɗaukaka shi, har masu sauraron tsuntsaye a Turai suke sa shi a sahun gaba.

Kuka

Namiji ne ke rerawa, dare da rana, daga watan Afirilu zuwa farkon Yuni. Yakan fara da siririn fito a hankali, ya riƙa ƙara masa ƙarfi, sai ya katse ya zubo wasu sautuka a guje, ya yi shiru na ɗan daƙiƙoƙi, ya ɗauko wani salo daban. Namiji ɗaya na iya riƙe salo wajen 200. Masu rerawa tsakar dare galibi gwauraye ne da ba su sami mata ba tukuna.

Tarihi

Mawaƙan Farisa sun daɗe suna kwatanta shi da masoyi mai begen furen wardi, suna kiransa bulbul. A Ingila kuwa rediyo ne ya kai shi gidajen mutane. Ranar 19 ga Mayu, 1924, BBC ta watsa shiri kai tsaye daga lambun wata makaɗiya mai suna Beatrice Harrison a yankin Surrey, tana kiɗa babban gogen Turawa, naitingel na amsa mata daga cikin itatuwa. Shirin ya karɓu, aka riƙa maimaita shi kowace shekara. A 1942, a rana irin wannan, masu ɗaukar sauti suka jiyo rugugin jiragen yaƙin Birtaniya da suka nufi Jamus, aka dakatar da watsawa don kada abokan gaba su farga, amma faifan ya ci gaba da naɗa, tsuntsu na kuka jirage na wucewa. Akwai masu cewa a daren farko na 1924 mutum ne ya kwaikwayi kukan. Ba a daidaita a kan haka ba.

Ƙaura

Yana hayayyafa a Turai, Arewacin Afirka da yammacin Asiya. Idan sanyi ya gabato sai ya ƙetare Sahara, ya sauka a dazuzzukan Afirka, har da Nijeriya.

Yawansa

Ya ragu ƙwarai a Ingila tun wajen ƙarshen shekarun 1960. Birnin Berlin na da su da yawa.