Waiwaye: Tun zamanin Rumawa aka san rami na kisa, har yau ana tura mutane ciki

A ranar 16 ga Janairun 2017, wasu ma'aikatan kwangila a Key Largo da ke jihar Florida ta Amurka suka ɗaga marfin wani ramin magudanar ruwa. Ɗaya ya sauka, aka ji shi shiru. Na biyu ya bi shi don ya ga abin da ya faru, shi ma shiru. Na uku ya bi bayansu. Da 'yan kwana-kwana suka iso, bakin ramin ya yi wa ɗaya daga cikinsu kaɗan, sai ya cire tukunyar iskar da ke bayansa ya kutsa a haka. Nan take ya faɗi. Shi an samu an jawo shi da rai, amma ukun farko sun rasu. Abin da ke ƙasan ramin ba wani baƙon abu ba ne: ganyaye da ciyayi ne suka daɗe suna ruɓewa, suka cinye iskar da ake shaƙa, suka bar guba a madadinta.

Irin wannan wuri shi ne masu kula da lafiyar ma'aikata ke nufi da rufaffen wuri: mutum na iya shiga ya yi aiki, amma shiga da fita da wuya, kuma ba don zaman mutum aka gina shi ba. Rijiya, shadda, sokawe, tankin ruwa ko na mai, kwalbati, ƙaton bututu, duk suna ciki.

Abin da ya fi ci mini rai a tarihin lamarin shi ne daɗewar da aka yi da saninsa. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, injiniyan Rumawa Vitruvius ya gargaɗi mahaƙa rijiya cewa su fara zura fitila mai ci kafin mutum ya sauka, idan ta mutu kada kowa ya shiga sai an buɗa wa ramin hanyar shan iska. Dabarar tana da tushe. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin 100, kuma a ƙa'idar yau, da zarar ya gaza kashi 19.5 an shiga haɗari. Ba sai an zuba wani sinadari ba. Tsatsa kaɗai, a tankin ƙarfe da ya daɗe a rufe, tana iya shanye oksijin ɗin da ke ciki.

Sai dai fitila ba ta faɗin komai a kan gubar shadda, wato haidirojin salfaid, mai warin baragurbi. Wannan iska ta fi iskar gari nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya, wani lokaci ma tana maƙale cikin laka har sai ƙafar lebura ta motsa ta. Mugun halinta shi ne idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, tana kashe jin wari. Mutum zai ɗauka warin ya tafi, alhali a lokacin ne ya yi yawa. Idan ta kai 700 zuwa 1,000, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Ga kuma iskar metan, wadda zura mata fitila ma shi ne neman bala'i, domin fashewa take yi.

Likitan Italiya Bernardino Ramazzini, wanda ake ɗauka uban ilimin cututtukan sana'a, ya wallafa bincikensa a 1700. Ya ce abin da ya fara jan hankalinsa shi ne wani mai kwasar masai da ya gani yana aiki cikin gaggawa. Da ya tambaye shi dalili, mutumin ya nuna masa jajayen idanunsa, ya ce wanda ya daɗe a ciki makancewa yake yi. Daga baya, a ƙarshen ƙarni na 19, masanin Birtaniya John Scott Haldane ya kawo shawarar shiga ramukan haƙar kwal da ƙananan dabbobi, saboda guba tana kayar da su kafin ta kayar da mutum. Tsuntsun kanari ya yi wannan aiki a Birtaniya har 1986, lokacin da na'urorin gwada iska suka gaje shi.

Ilimi dai ya samu da wuri. Doka ce ta yi nawa, kuma da ta zo, masu shiga ramukan titi da na wuraren gini su ne na ƙarshen layi.

A 1986 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a rufaffun wurare, ceto suka je. Wani nazari da ta yi daga baya ya sauko da adadin zuwa kashi 36, amma ko a hakan, mutum ɗaya ne cikin uku. Ba na ganin laifin waɗannan mutane ko kaɗan. Wanda ya ga abokin aikinsa kwance a ƙasan rami, taku kaɗan tsakaninsu, ba hayaƙi ba wuta, zuciyarsa ba za ta bar shi ya tsaya kallo ba. Shi ya sa tsarin da aka gina daga baya bai dogara da haƙurin kowa ba: a gwada iska daga sama har ƙasa kafin a shiga, a ci gaba da hura sabuwa da fanka, mai shiga ya ɗaura ɗamara da igiya a jikin na'urar ja, a ajiye mutum ɗaya a bakin rami wanda aikinsa tsaro ne kawai. Idan abu ya faru, daga waje ake jawo mutum.

Hukumar OSHA, mai kafa dokokin kare ma'aikata a Amurka, ta mayar da wannan tsari doka a 1993, har da takardar izini da shugaban aiki zai sa wa hannu kafin kowace shiga. Amma dokar ta tsame aikin gine-gine. Sai a 2015, bayan shekara 22, magina suka samu tasu. A tsakanin nan ne, cikin Oktoban 2007, masu fenti biyar suka mutu a cikin bututun tashar lantarki ta Cabin Creek a Colorado. Sinadarin da suke wanke injin feshi da shi ne ya kama wuta, wutar kuma ta tare hanya ɗaya tilo ta fita. Sun yi kusan minti 45 suna magana da na waje ta rediyon hannu, ba a kuma tanadi masu ceton da za su iya kai wa gare su ba. Wurin gini yana da tasa matsala: ramin da ke lafiya da safe zai iya zama tarko da rana, don wani ɗan kwangila ya tayar da janareto kusa da bakinsa, ko ya fara walda, ba tare da na ciki sun sani ba. Ko bayan dokokin, alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna mutum 1,030 sun mutu a irin waɗannan wurare daga 2011 zuwa 2018.

Birtaniya ta yi tata dokar a 1997, kuma ta fara da abin da ya kamata: kada a shiga sam idan ana iya yin aikin daga waje.

A Indiya ne lamarin ya fi fito da fuskarsa. Akasarin masu shiga magudanan ƙazanta 'yan Dalit ne, wato ajin da ake ɗauka mafi ƙasƙanci a al'ummar ƙasar, waɗanda tsarin gado ya ɗora wa aikin. An haramta kwasar bayan gida da hannu a 1993, aka sake doka mai tsauri a 2013 wadda ta hana tura mutum shadda ko magudana ba kayan kariya. A 2014 Kotun Ƙoli ta ce a biya iyalan duk wanda ya mutu a ciki diyyar rupee (kuɗin Indiya) miliyan 1, a 2023 ta ɗaga zuwa miliyan 3. Tun 2018 jihar Kerala ta fara amfani da wani mutum-mutumi mai suna Bandicoot da ke sauka a maimakon mutum. Duk da haka ana ci gaba da ciro gawawwaki, sau da yawa biyu ko uku daga rami ɗaya. Hukumar gari takan ba ɗan kwangila aikin, shi kuma ya ɗauko leburan yini da ba su cikin rajistar kowa, ya ba su igiya da bokiti. Idan aka yi rashi, hukuma ta ce ba ma'aikacinta ba ne, ɗan kwangila ya ɓace, iyali su shafe shekaru suna bin diyyar da kotu ta riga ta ce haƙƙinsu ce.