Mene Ne "Yokai" A Duniyar Anime Da Manga?

Duk wanda ya daɗe yana kallon anime (finafinan zane na Japan) ko karanta manga (littattafan labarai na zane na Japan) masu labaran ban al'ajabi, ba makawa kunnensa ya taɓa tsintar kalmar "yokai". Jarumi zai furta ta da bakinsa, amma rubutun fassarar da ke gudana a ƙasan allo sai ya riƙa sauya mata suna. Yau a ce shaiɗan, gobe a ce dodo, jibi a ce ruhi ko fatalwa. Mu kuma in muna ba juna labarin abin da muka kalla, sai mu haɗa su duka mu ce aljanu. Ana gane juna da hakan, sai dai ana asarar abu mai yawa, domin rabin daɗin waɗannan labarai yana cikin sanin wace irin halitta ce a gabanka da kuma inda ta fito.

A rubutun Japananci alamomi biyu ne suka tayar da kalmar. Ta farko, "yo", tana nufin abu mai ruɗarwa ko mai ɗauke hankali ta hanyar da ba a saba ba. Ta biyu, "kai", tana nufin abin mamakin da aka rasa bayaninsa. Ana ɗan jan wasalin farko wajen furtawa. A yau kalmar ta zama sunan gama-gari ga ɗaruruwan halittu na tatsuniyoyin Japan, daga masu cin mutane har zuwa waɗanda iyakar ɓarnarsu su juya maka matashin kai kana barci.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, da yawa daga cikinsu ba su fara da fuska ko jiki ba. Sun fara ne a matsayin wani abu da ya faru da mutum a wani wuri, ya kasa fassara shi. Matafiyi yana bin gefen rafi da dare sai ya ji sauti kamar ana wanke wake a ruwa, ya leƙa babu kowa. Mutanen ƙauye suka raɗa wa wannan sautin suna Azukiarai, wato mai wankin jan wake. Wani kuma yana komawa gida cikin duhu sai ya ji takun sawu a bayansa, ya tsaya takun ya tsaya, ya waiga bai ga komai ba. Wannan shi ne Betobeto-san, kuma maganinsa a yankin Nara mai sauƙi ne: ka ratse gefen hanya, ka ce masa cikin ladabi ya wuce gaba, shi ke nan sai takun ya rabu da kai. A gaɓar tekun Fukuoka kuwa ana ba da labarin Nurikabe. Kana tafiya da dare sai ka ji ka kasa gaba, kamar an gina bango a tsakiyar hanya alhali idonka bai ga komai ba, ka bi dama yana nan, ka bi hagu yana nan. In ka doki samansa da sanda ba abin da zai faru, amma in ka share ƙasansa da sandar sai ya ɓace.

A nan ne, a ganina, zuciyar maganar take. Kusan kowane yokai yana da wurinsa, da halinsa, da kuma ƙa'idar da ake bi a rabu da shi lafiya. Labaran asali ba su cika maganar yaƙi da kashewa ba. Sun fi koya wa mutum yadda zai zauna da abin da bai gane ba, a kogi ko a dutse ko a cikin ɗakinsa.

Shi ya sa kiransu aljanu bai cika daidai ba. A wurin Musulmi aljanu halitta ce ta gaskiya, Alƙur'ani ya ambace su, har akwai sura mai sunansu, don haka maganarsu magana ce ta aƙida. Yokai ba su da wani littafi mai tsarki da ya kafa su. Daga bakin talakawa suka fito, masu zane suka ƙara musu, kuma mafi yawan mutanen Japan a yau suna ɗaukarsu a matsayin al'ada da nishaɗi. In dole sai an nemi makusancinsu a wurinmu, to Dodon tatsuniya ya fi kusa, wanda kowa ya san halinsa kuma yaro mai wayo kan iya yi masa dabara. Duk da haka ya kamata mai kallo, musamman iyaye, su san cewa saiwar abin tana taɓa addinin gargajiyar Japan, wato Shinto, wanda ke ganin akwai ruhohi da ake kira "kami" a duwatsu da koguna da itatuwa, da kuma addinin Buddha. Iyakar da ke tsakanin kami da yokai ba ta da kauri. Masanin al'adu Yanagita Kunio yana ganin yokai tsofaffin kami ne da darajarsu ta faɗi, wani masanin na baya-bayan nan kuma, Komatsu Kazuhiko, ya ce bambancin yana ga mutane: wanda ake girmamawa da hidima shi ne kami, wanda aka yi watsi da shi ya zama yokai.

Fatalwa ma dabam take, sunanta "yurei". Yanagita ya raba su da cewa yurei mamaci ne da ke bin wani mutum takamaimai saboda ƙulli ko haƙƙi, yana fitowa a tsakiyar dare, shi kuwa yokai wuri yake riƙewa, yana bayyana da almuru ga duk wanda tsautsayi ya biyo da shi. Masana sun nuna wannan rabon yana da ɓaraka nan da can, amma yana taimakon mai kallo. Macen nan mai farin kaya da dogon gashi a fuska da ake gani a finafinan tsoro na Japan yurei ce.

To wa ya ba su fuska? Masu zane. Tun ƙarnonin baya akwai dogayen takardun zane da ake naɗewa masu nuna "Hyakki Yagyo", jerin gwanon halittu ɗari da ke ratsa titi da dare. A cikinsu ana ganin tukwane da kayan kiɗa da tsofaffin kayan gida sun yi hannu da ƙafa suna tafiya, saboda an yi imani cewa kayan aiki in ya shekara 100 yakan samu rai. Irin waɗannan ana kiransu "tsukumogami", kuma daga danginsu ne laimar nan mai ido ɗaya da ƙafa ɗaya, mai zaro harshe, take. A 1776 wani mai zane a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, mai suna Toriyama Sekien, ya fitar da littafin da ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hotonsa da sunansa. Ya biyo da wasu littattafai uku, na ƙarshe a 1784, kuma wasu halittun cikinsu shi ya ƙirƙire su da kansa. Ke nan ƙirƙirar sabon yokai don nishaɗi ta girmi anime da sama da shekara 100.

Ita kalmar kanta ba ta zama ruwan dare ba sai a zamanin Meiji, bayan 1868, lokacin da Japan ta duƙufa wajen zamanantar da kanta. Kafin nan an fi cewa "bakemono", abu mai rikiɗa. Wani malamin falsafa, Inoue Enryo, wanda ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Toyo, ya zagaya ƙasar yana tattara labaran camfi don ya warware su da ilimi, ya kira fannin nasa nazarin yokai, sunan kuwa ya bi bakin jama'a. Yanagita ya zo da akasin wannan manufa. Shi so yake a adana labaran kafin su ɓace, kuma a 1910 ya wallafa tarin labaran garin Tono da ke lardin Iwate.

Amma wanda ya ɗauko su daga littattafan masana ya damƙa wa yara shi ne Mizuki Shigeru. An haife shi a 1922, ya tashi a Sakaiminato, garin masunta a lardin Tottori, inda wata tsohuwa mai taimaka wa gidansu ta cika masa kunne da labaran yokai. An tura shi Yaƙin Duniya na Biyu a tsibirin New Britain da ke Papua New Guinea ta yau, harin jirgin sama ya raba shi da hannunsa na hagu, ya dawo gida ya yi shekaru cikin talauci yana zane da hannu ɗaya. Labarinsa GeGeGe no Kitaro ya zama anime a 1968, kuma an sake yin sa sau da dama har zuwa 2018. Nurikaben nan da ba a gani, Mizuki ne ya zana shi a matsayin katon bango mai ƙananan idanu da gajerun ƙafafu, kuma yau in ka tambayi yaro a Japan kamannin Nurikabe, wannan hoton zai kwatanta maka. Ya rasu a 2015. A garinsu akwai titi mai sunansa da aka jera wa mutum-mutumin tagulla na yokai sama da 170.

Daga cikin manyan da za ka yi ta karo da su, Kappa ya cancanci a tsaya a kansa. Girmansa kamar na yaro, yana da ƙoƙon baya irin na kunkuru da baki kamar na tsuntsu, a tsakiyar kansa kuma akwai ɗan rami mai kama da faranti cike da ruwa. Ƙarfinsa duka a ruwan nan yake. Yana jan yara da dawakai cikin kogi, yana son kokawa, yana son kokwamba har ana kiran sushin kokwamba, wani abincin shinkafa na Japan, da sunansa. Amma yana da ladabi fiye da kima. In ka rusuna masa sai ya rama gaisuwar, ruwan ya zube, ƙarfinsa ya tafi. In kuwa ya yi maka alkawari ba ya saɓawa. Har yau ana ganin hotonsa a allunan gargaɗi a bakin tafkuna da koguna, ana hana yara wasa a wurin. Halitta ɗaya ta haɗa tsoro da dariya da tarbiyya, kuma wannan cakuɗuwar ita ce fassarar "shaiɗan" take gogewa.

Sauran a taƙaice. Kitsune yanyawa ce mai rikiɗa, sau da yawa ta zama kyakkyawar mace, wutsiyoyinta suna ƙaruwa da shekaru har su kai 9, kuma daga nan dabbar da ke cikin jikin Naruto, jarumin animen nan mai sunansa, ta samo asali. Tanuki dabba ce ta gaske mai kama da ƙaramin kare, a labari kuwa ɗan barkwanci ne mai mayar da ganye kuɗi. Tengu mai jar fuska da dogon hanci yana zaune a duwatsu, gwanin takobi ne, kuma alama ce ta girman kai.

Sai Oni, mai ƙaho da kulkin ƙarfe. Shi ne ya fi kusa da mugun dodo, amma ko shi yana da ranarsa. A bikin Setsubun, wajen 3 ga Fabrairu, uba kan rufe fuska da hoton oni, yara su yi ta jifansa da gasasshen waken soya suna cewa oni ya fita, arziki ya shigo. Kalmar da aka fassara da "demon" a sunan labarin manga da anime na Demon Slayer ita ce oni ɗin nan, sai dai marubucin labarin, Koyoharu Gotouge, ya sauya su sosai: mutane ne da jini ya rikiɗar, rana tana ƙona su, in ba ita ba kuma ba sa mutuwa sai an sare wuyansu da takobi na musamman. Fim ɗin labarin da aka fitar a 2020 ya tara sama da yen (kuɗin Japan) biliyan 40 a Japan, ya zarce fim ɗin Spirited Away na 2001 wanda ya daɗe yana riƙe da kambin tara kuɗi.

Ina jin daɗin irin waɗannan labaran na faɗa, amma ba su ne suka fi nuna ainihin yokai ba. Wanda yake son ganin tsohon ruhin abin ya nemi Natsume Yujincho, wanda animensa ya fara a 2008. Jarumin yaro ne maraya mai ganin yokai, ya gaji wani littafi daga kakarsa wadda ta rinjayi yokai da dama ta rubuta sunayensu don ta mallake su. Aikinsa shi ne mayar wa kowa sunansa. Wasu suna zuwa da fushi, wasu sun shekara da shekaru suna jiran a kira su ba a kira ba, kuma yawancin sassan suna ƙarewa ba tare da an kashe kowa ba. Haka ma fim ɗin Pom Poko na Isao Takahata, wanda ya fito a 1994, inda tanuki suke amfani da duk dabarun rikiɗarsu don hana a rushe dajinsu a gina unguwanni a tsaunukan Tama kusa da Tokyo, kuma suka sha kaye.

Ko a 2020 an ga yadda abin yake da rai. Wata takardar labarai ta 1846 ta ba da labarin Amabie, halitta mai dogon gashi da baki irin na tsuntsu da ƙafafu 3, wadda aka ce ta fito daga teku a yankin Higo, Kumamoto ta yau, ta yi albishir da shekarun damina mai albarka, ta kuma ce in annoba ta ɓarke a zana hotonta a nuna wa mutane. Da cutar korona ta shigo, dubban masu zane suka cika shafukan sada zumunta da hotonta, masu shaguna suka yi alewa da abin rataya makulli da siffarta, har ma'aikatar lafiya ta Japan ta sa ta a tallan wayar da kan matasa game da yaɗuwar cutar.