Aikin bincike bayan digiri na uku a fannin hasashe: amsoshi a taƙaice

Fosdok ɗin nan, wato aikin bincike bayan digiri na uku, wani digiri ne?

A'a. Aikin bincike ne na shekara ɗaya zuwa uku, ana biyanka. Babu satifiket, abin da ka wallafa shi ne shaidarka.

Sai wanda ya karanta kwamfuta?

Wa ya faɗa maka? NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, tana hasashen damina duk shekara, NCDC, cibiyar yaƙi da cututtuka, tana bin sawun sanƙarau da Lassa, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kuma murar tsuntsaye ake sa wa ido. Duk suna buƙatar mai iya hasashe. Ka san fanninka, ka iya ƙididdiga, ka iya harshen kwamfuta na R ko Python. Shi ke nan.

Tsarin hasashena yana cin gwaji sosai, amma mujallu suna ta mayar da takardata. Me ya sa?

To, ya danganta, don ban ga takardar ba. Amma galibi gwajin ne ba gwaji ba. A ce kana hasashen sanƙarau ta amfani da ƙurar hunturu da ɗanshin iska. Idan ka cakuɗa makonni ka raba su kara-zube, wasu na koyarwa wasu na gwaji, tsarin ya riga ya leƙa amsa, domin makon da kake gwadawa maƙwabcin wanda ya koya ne. Raba da shekara: koyar da 2010 zuwa 2019, gwada da 2020 zuwa 2022. Wani lokaci hakan ma bai isa ba, sai ka ware jiha sukutum ka ɓoye masa. Sakamakon zai faɗi. Kada hankalinka ya tashi, na gaskiyar ke nan.

Sannan ka kwatanta shi da hasashe mafi sauƙi, wato "bana kamar bara". In bai doke wannan ba, me ka gina? Ƙila kuma matsalar bayanan ce: ƙaramar hukumar da ta rubuta sifili, babu cutar ne, ko ba a kai rahoto ba? Bayanan ruwan sama na rumbun CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981, kyauta ne, amma bayanan marasa lafiya sai da izini a rubuce da amincewar kwamitin ɗa'a. Nemi izinin kafin ka yi alkawari a takarda.

Ina kuɗin suke?

Gidauniyar Humboldt ta Jamus: tallafin wata 6 zuwa 24, digirin kada ya wuce shekara 4 da kammalawa. Marie Curie ta Tarayyar Turai tana rufewa a Satumba, kuma kada ya zama ka zauna a ƙasar da za ka fiye da wata 12 cikin shekaru 3 da suka gabata. TETFund ta malaman makarantun gwamnati ce, ta makarantarka ake nema. Don Allah a daina kwasar fayil zuwa ofishinta na Maitama a Abuja.

Na tura wa farfesoshi da yawa saƙo, shiru.

Saƙo iri ɗaya ka tura musu, sun gane. Zaɓi mutum uku, karanta aikin kowa, rubuta layi goma: tambayarka, bayanan da ke hannunka, da tallafin da za ku nema tare.