Kwamitocin lauyoyi a fannin haƙƙin mallakar fasaha

Kwamitin lauyoyi na haƙƙin mallakar fasaha rukuni ne na masana shari'a da ake haɗawa, ko a cikin ƙungiyar lauyoyi ko a ƙarƙashin gwamnati ko wata hukumar duniya, don su zauna kan dokokin da ke kare abin da mutum ya ƙirƙira da basirarsa, wato waƙa, littafi, fim, zanen atamfa, tambarin kaya, sabuwar na'ura da dai sauransu. Su ba kotu ba ne, ba su yanke hukunci, ba su kama kowa. Amma yawancin kalmomin da alƙali zai karanta ranar shari'a, a hannun irin waɗannan mutanen suka fara bi tun kafin su zama doka, shi ya sa ni a ganina ya kamata mutanen zango su san da su.

Aikin nasu

Babban aikin shi ne duba daftarin doka. In gwamnati ta kawo daftari, kwamiti zai bi shi sashe-sashe, a ja layi da jan biro, wani lokacin a ɓata yini guda kan kalma ɗaya tak, misali za a ce hukuma “za ta iya” biyan mai waƙa ne ko “dole ta” biya, don tsakanin waɗannan biyun akwai abincin mutane da yawa. Daga nan sai su rubuta takardar shawara su miƙa wa ma'aikata ko kwamitin majalisar dokoki. Suna kuma shirya bita ga lauyoyi da alƙalai da jami'an kwastan, suna tsara samfurin kwantiragi tsakanin mawaƙi da furodusa, wasu ma in shari'a ta yi nauyi sukan nemi izinin kotu su shigar da ra'ayinsu na masana duk da ba su cikin masu rigimar.

A duniya tsofaffin ƙungiyoyin wannan harka sun haɗa da INTA ta masu tambarin kasuwanci, wadda ta faro a Amurka a 1878, da AIPPI, ƙungiyar masana kare haƙƙin fasaha, da aka kafa a 1897. Ita AIPPI tambayoyi take aika wa rassanta na ƙasashe, kowa ya kawo amsa daidai da dokar ƙasarsa, sai a taron shekara a fitar da matsaya ɗaya. A Janiba kuma hukumar WIPO, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin fasaha, na da nata kwamitocin na wakilan ƙasashe, ciki har da wanda aka kafa a 2000 kan ilimin gargajiya da al'adu, kuma sai a watan Mayun 2024 aka samu yarjejeniyar farko daga wannan aikin. Shekara 24 kenan ana zama ana tashi, haka aikin yake, ba ya sauri.

A Gana

Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 2005, mai lamba 690, wadda ta maye gurbin ta zamanin gwamnatin soja ta PNDC ta 1985. Tana kare aikin mutum tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, wato jikoki ma suna da haƙƙi. Tambarin kasuwanci na da tasa dokar ta 2004 mai lamba 664, rajistar tana yin shekara 10 sai a sabunta. Ta sababbin ƙirƙira kuma ta 2003 ce mai lamba 657, kariyarta shekara 20. Kuɗin masu waƙa GHAMRO ce ke tarawa, na 'yan fim ARSOG, na marubuta da ake yi wa littattafansu fotokwafi kuma CopyGhana.

Inda muhawara ta fi zafi, kuma inda aka fi ganin amfanin masana su zauna da kyau, shi ne batun kayan gado na al'ada. Dokar 2005 ta ce abin da aka gada kaka da kakanni, har da zanen kente da adinkra da ba a san wanda ya fara su ba, yana hannun shugaban ƙasa ne a madadin jama'a, kuma duk mai son yin kasuwanci da shi sai ya nemi izinin hukumar kula da al'adun gargajiya ya biya kuɗi. Niyyar mai kyau ce, don a hana kamfanonin waje kwashe zanen Bonwire, garin masaƙan kente, su buga a masana'anta su dawo su sayar mana. To amma ba a ware ɗan ƙasa ba, shi ya sa mawaƙa da masana da yawa suka yi ta ƙorafi cewa yanzu mutum zai biya kafin ya rera abin da kakarsa ta rera masa a goye. Mu a zango tambayar ta fi haka yawa. Waƙar biki da mata ke yi a Aboabo ko Nima, irinta ake yi a Kano da Damagaram, to ta wa ce? Surfanin da tela ke yi a wuyan riga a Sabon Zango fa? Hausa ta ratsa ƙasashe, doka kuwa a bakin iyaka take tsayawa.

Iyakar ma wata matsala ce. Gana tana cikin ARIPO, ƙungiyar rajistar haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Harare, wadda aka kafa da yarjejeniyar Lusaka ta 1976, su kuwa Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Nijar suna cikin wata ƙungiyar daban mai irin wannan aikin, wato OAPI ta Yawunde. Ɗauki matar da ke haɗa yaji ko shito a Mamobi, ta zuba a kwalba, ta manna takarda mai sunanta da hoton barkono, ta yi rajista a Akra. Kayanta na tsallaka Aflao zuwa Lome rajistar nan ba ta bin ta, wani na iya buga irin takardar ya zuba nasa, ita ko sai dai ta ji labari a bakin direba. Irin wannan giɓin ne ake so a toshe da yarjejeniyar haƙƙin fasaha ta kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda shugabanni suka amince da ita a watan Fabrairun 2023, kuma sakatariyar kasuwar a nan Akra take.

Abin da ke damuna gaskiya shi ne waɗanda ke zama a teburin. Galibi lauyoyin manyan kamfanoni ne, don su ke da lokaci da kuɗin zuwa taro, aikin kwamiti kuma a ƙungiyoyin lauyoyi yawanci na sa-kai ne. Mai buga littattafan addini, da malamin da ake yanka wa'azinsa ana sawa a TikTok ba da saninsa ba, da mai saƙar batakari, da wuya ka ji an kawo misalinsu. Alhali ƙofa ba a kulle take ba, kwamitocin majalisar dokokin Gana suna karɓar takardar shawara daga jama'a lokacin da daftari ke gabansu, kuma ƙungiyar teloli ko ta mawaƙan zango na iya samun lauya ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ya rubuta musu ita su sa hannu su kai.