Kwangilar Gudanar da Cibiyoyin Neman Aiki a Amurka

A Amurka akwai cibiyoyi sama da 2,000 da ake kira American Job Center, inda mai neman aiki zai shiga ƙofa ɗaya ya tarar da jerin guraben aiki, da masu taimaka masa rubuta takardar neman aiki, da bayani kan alawus ɗin wanda ya rasa aiki, da ajin yaƙi da jahilci, da tallafin koyon sana'a. Kuɗin na gwamnati ne, amma tafiyar da cibiyar kwangila ce da ake bai wa wani kamfani ko ƙungiya ko ma'aikata bayan an yi gasa. Wanda ya ci gasar shi ake kira mai gudanarwa.

Asalin tsarin

Ofisoshin samar da aiki na gwamnati sun samo asali daga dokar Wagner-Peyser ta 1933. Dokar WIA ta 1998, wato dokar tarayya kan horar da ma'aikata da samar musu aiki, ita ce ta wajabta tara shirye-shirye daban-daban a cibiya ɗaya, sai dai ta bar ƙofa a buɗe: yanki na iya kauce wa gasa ta hanyar miƙa cibiyar ga gamayyar ma'aikatu uku ko fiye da ke aiki a cikinta. Yankuna da dama wannan hanya suka bi. Dokar WIOA, wadda ta maye gurbinta kuma Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 22 ga Yuli, 2014, ta toshe wannan ƙofa a sashe na 121. Ƙa'idojin Ma'aikatar Ƙwadago suka ce a yi gasa aƙalla sau ɗaya a kowace shekara 4, kuma kowane yanki ya zama yana da mai gudanarwa da aka zaɓa ta gasa zuwa ranar 1 ga Yuli, 2017. A watan Janairun 2017 ma'aikatar ta fitar da takardar jagora mai lamba TEGL 15-16, wadda ta yi bayanin yadda za a shirya gasar.

Mai ba da kwangilar ita ce hukumar bunƙasa ma'aikata ta yanki. Akwai irinta fiye da 500 a faɗin ƙasar. Mafi rinjayen membobinta 'yan kasuwa ne, shugabanta ma daga cikinsu yake fitowa, sannan aƙalla kashi 20 cikin 100 wakilan ma'aikata ne. Hukumar ba ta zaɓar mai gudanarwa sai da yardar zaɓaɓɓen shugaban yankin, wato magajin gari ko shugaban gunduma, domin idan kuɗin tarayya suka salwanta, wuyansa ake kamawa.

Wa ya cancanci nema

Kamfani mai neman riba, ƙungiyar sa-kai, jami'a ko kwaleji, ma'aikatar gwamnati, cibiyar 'yan kasuwa, ƙungiyar ƙwadago, duk suna iya shiga. Gamayya ma tana iya nema, amma idan ta abokan aikin cibiyar ce, wato ma'aikatun da ke aiki a cikinta, dole ta ƙunshi aƙalla uku daga cikin waɗanda doka ta wajabta. Makarantun firamare da sakandare ba sa shiga, in ban da irin makarantun dare na manya da na koyon sana'a. Daga cikin sunayen da aka saba gani a wannan fage akwai Equus Workforce Solutions, wanda a da ake kira ResCare, da Maximus, da rassan ƙungiyar Goodwill.

Aikin mai gudanarwa

Nan ne gizo ke saƙar. Abin da doka ta ɗora wa mai gudanarwa a matsayin mafi ƙaranci shi ne daidaita ayyukan ma'aikatun da ke zaune a cibiyar. Su kuwa suna da yawa: shirin manya, da na waɗanda aka sallama daga aiki, da na matasa, da ofishin samar da aiki na jiha, da ilimin manya, da shirin gyaran sana'a na naƙasassu, da na tsofaffin sojoji, da shirin koyar da matasa sana'a na Job Corps, da tallafin iyalai marasa ƙarfi na TANF, da sauransu. Kowannensu da kasafinsa, da shugabanninsa, da manhajar da yake adana bayanai. Mai gudanarwa kamar sarkin kasuwa yake: rumfunan ba nasa ba ne, bai ɗauki kowa aiki a cikinsu ba, amma idan kasuwa ta rikice shi za a kira. Ma'aikacin jiha da ke zaune a cibiyar yana iya karɓar jadawalin yau da kullum daga hannunsa, amma albashinsa da ƙarin girmansa da ladabtar da shi suna hannun jiha.

A aikace, abin da ake nema daga gare shi ya fi bayyana a teburin karɓar baƙi. A ce wata mata ta shigo, masana'antar da take aiki ta rufe, ba ta da takardar kammala sakandare, kuma tana da larurar ji. Tana bukatar shirye-shirye uku ko huɗu a lokaci guda. Idan cibiyar na da tsari, sau ɗaya za ta ba da bayananta, a rubuta takardar turawa, wani ya bi sawu cikin 'yan kwanaki ya tabbatar ta isa inda aka tura ta. Idan babu tsari, za ta cika fom huɗu, a ba ta lambar waya, daga nan ba wanda zai sake jin ɗuriyarta. Shirya wannan hanya, da kiran taron abokan aiki, da horar da ma'aikata su san ayyukan juna, da tabbatar da cewa mai keken guragu da wanda ba ya jin Turanci suna samun shiga, shi ne ainihin aikin.

Hukumar tana iya faɗaɗa kwangilar ta haɗa da ba da shawarwarin sana'a kai tsaye, ko kula da gini, ko tafiyar da cibiyoyi da yawa. Shi ya sa kwangilolin suka bambanta ƙwarai: wata albashin mutum ɗaya ce da ɗan kuɗin ofis, wata kuma ta miliyoyin daloli ce mai ma'aikata da yawa. A Texas, inda akwai hukumomin yanki 28, dokar jiha ta hana hukumomin ba da hidimar da kansu, don haka 'yan kwangila ne ke riƙe da yawancin aikin.

Akwai kuma abubuwan da aka haramta masa a matsayinsa na mai gudanarwa. Ba ya rubuta tsarin aikin yanki, ba ya tsara kasafin hukumar, ba ya sa ido a kan kansa, ba ya zaɓa ko korar masu ba da hidima, ba ya sa hannu a shirya gasar da zai shiga, kuma ba shi ke daidaitawa da jiha kan ma'aunin ƙwazon da yankin zai cim ma ba.

Yadda ake yin gasar

Shekarar aiki tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, don haka hukumar da ta san abin da take yi tun kafin ƙarshen shekarar da ta gabata take fara shiri. Gasar tana bin ƙa'idojin sayayya na tarayya da ke cikin 2 CFR 200, kuma dole hukumar ta mallaki rubutacciyar ƙa'idarta tun kafin ta fitar da sanarwa.

Matakin farko shi ne tantance aikin da kuɗinsa. Wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, shi kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Takardar gayyata dole ta faɗi adadin cibiyoyi, da lokutan buɗewa, da wanda zai biya haya, da wanda ya mallaki kwamfutoci, da kuɗin da aka ware. Ma'aikatar Ƙwadago ta yi gargaɗi a kan gayyatar da ba a sa mata kuɗi ba ko aka sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin wanda zai iya karɓar aiki kyauta shi ne wanda dama yake cikin ginin yana cin albashi daga wani asusu. Irin wannan gasa ta suna ce kawai.

Daga nan sai sanarwa a fili, a shafin hukumar da jaridu da jerin masu sha'awa, a bar wa masu nema lokaci, bisa al'ada bai gaza kwana 30 ba. Ana yin taron tambayoyi, kuma duk amsar da aka bai wa mutum ɗaya sai a wallafa ta kowa ya gani. Kwamitin tantancewa yana ba da maki bisa ma'aunin da aka riga aka bayyana a takardar gayyata, kamar gogewa, da tsarin aiki, da ƙwarewar ma'aikata, da ingancin riƙon kuɗi, da farashi. Kowane ɗan kwamiti yana sa hannu a takardar cewa ba shi da wata alaƙa da masu nema. Kafin a ba da kwangila ana duba sunan wanda ya yi nasara a rumbun SAM.gov, a tabbatar ba a dakatar da shi daga karɓar kuɗin tarayya ba. Sai hukumar ta kaɗa ƙuri'a a zaman da jama'a ke iya halarta, a bar kuma damar ɗaukaka ƙara ga wanda bai gamsu ba.

Yawanci ana rubuta kwangilar shekara 1, da damar sabuntawa sau 3, don kada a haura shekara 4. Ba da ita ga mutum ɗaya ba tare da gasa ba yana halatta ne kawai a 'yan yanayi, kamar idan an yi sanarwa yadda ya kamata amma ba a samu isassun masu nema ba, kuma sai an ajiye hujjar hakan a rubuce.

Kuɗi

Galibi biyan bayan kashewa ake yi: mai gudanarwa ya biya albashi da sauran ɗawainiya, ya kawo takardun shaida duk wata, a mayar masa. Wannan yana nufin sai mai jari a hannu, abin da ke fitar da ƙananan ƙungiyoyi daga gasar tun kafin a fara. Kamfani na iya cin riba daidai gwargwado, amma an haramta kwangilar da ke lissafa riba a matsayin kaso na abin da aka kashe, tunda hakan zai sa ɗan kwangila ya riƙa kumbura kashe-kashe. Kuɗin mulki na yanki ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na kason da aka ba shi, kuma aikin akanta da biyan albashi da sayayya da mai gudanarwa ke yi yana shiga cikin wannan lissafi. Ana ajiye takardu aƙalla shekara 3 bayan rahoton kuɗi na ƙarshe. Duk kuɗin da masu bincike suka ƙi amincewa da shi sai an mayar, kuma ba daga asusun tarayya ba.

Hayar gini da wuta da intanet kuwa abokan aiki ne ke raba su bisa yarjejeniyar da hukumar ke ƙullawa da su, wadda ake sake dubawa aƙalla duk shekara 3. Idan suka kasa daidaitawa, gwamna ne ke yanke kason kowa.

Inda abin ke lalacewa

Matsalar da ta fi yawa ita ce mutum ɗaya ya sa hula biyu. Ƙungiya ɗaya tana iya zama mai gudanarwa, kuma mai ba da hidima, wani lokaci har da riƙe asusun yankin. Doka ba ta hana ba, amma ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya da hukumar da shugaban yanki da ke nuna katangar da ta raba ayyukan: wanda ya kashe kuɗi ba shi zai amince da biyan ba, wanda ya yi aiki ba shi zai rubuta rahoton sa ido ba. Idan hukumar da kanta ke son zama mai gudanarwa, sai wani na waje ya shirya gasar, kuma sai gwamna da shugaban yanki sun yarda. Kwalejin da ta ci kwangila tana da nata haɗarin, domin cikin sauƙi za a riƙa karkata masu neman horo zuwa azuzuwanta. Shi ya sa dole ta bayyana duk alaƙarta da masu ba da horo.

Ta biyu ta fi ɓuya, kuma ta fi cutarwa. Ana auna shirye-shiryen da ma'auni 6, ciki har da yawan waɗanda ke aiki a rubu'i na biyu da na huɗu bayan sun bar shirin, da matsakaicin abin da suke samu, da takardun shaidar da suka samu. Idan aka ɗaure biyan ɗan kwangila da waɗannan alƙaluma ba tare da lura ba, zai fara zaɓen masu sauƙin samun aiki, ya bar wanda ya fito daga gidan yari da wanda bai iya karatu ba zaune a ɗakin kwamfuta ba tare da an yi musu rajista ba. Dokar ta fito ƙarara ta hana duk wata dabara da za ta rage sha'awar hidima ga masu irin wannan cikas, amma alƙaluman ba sa tona wannan da kansu. Sai mai sa ido ya kwatanta waɗanda suka shigo ƙofa da waɗanda aka yi wa rajista. Ostareliya, wadda ta miƙa hidimar neman aiki ga 'yan kwangila a 1998 da sunan Job Network, da Birtaniya a shirin Work Programme na 2011, duk sun sha suka a kan wannan ɗabi'a.

Sai ranar miƙa ragama. Tsohuwar kwangila tana ƙarewa 30 ga Yuni, washegari da safe dole ƙofa ta buɗe. Akwai mutanen da ke tsakiyar horo waɗanda kuɗin makarantarsu ya kusa, akwai fayiloli masu ɗauke da bayanan sirri, da makullai, da lambobin shiga manhaja, da kayan aikin da aka saya da kuɗin tarayya waɗanda sai an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan da suka ji labarin canji tun watan Afrilu sukan fara neman wani aiki, su tafi da sanin mutane da kamfanonin yankin da suka tara shekara da shekaru. Kwangila mai kyau tana tanadar makonni na aiki tare tsakanin mai fita da mai shiga, ta ware masa kuɗi, ta wajabta wa sabon ya fara yi wa tsofaffin ma'aikata intabiyu, ta kuma riƙe biyan ƙarshe na mai fita har sai ya miƙa fayiloli da kaya cikakku.